Hawayen Walda a Ɗaurin Auren Zulai

Ba na jin zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren Zulai a Burumburum, kuma ko da na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba. Har yau in na je can gaisuwa sai an samu dattijon da zai riƙe hannuna ya ƙi saki, yana dubana da idon tausayi, yana tambayata ya ƙarin haƙuri. Da can nakan tsaya in yi bayani. Yanzu na gaji, sai in ce da godiya, in karɓi addu'ata in wuce.

A gidanmu a Tudun Wada babu wanda ya taɓa yin sana'ar ƙarfe. Mu manoma ne, masara da shinkafa, tun kaka da kakanni. Da na gama sakandare, Baba ya riga ya tsara mini rayuwata tsaf: da damina in yi noma, da rani in bi Kawu Isiya, ƙanin Innata, kasuwa-kasuwa ina koyon awon hatsi, daga nan in auri 'yarsa Zulai, wadda tun muna yara ake ce mana mata da miji. Tsarin ba shi da laifi. Abin da ya ɓata shi garmar shanunmu ce, da ta karye ana tsakiyar huɗa, Baba ya aike ni da ita wurin Oga Haladu mai walda a bakin tasha. Na tsaya ina kallo mutumin nan ya haɗa bakin ƙarfe biyu da suka rabu, ya ɗiga musu wuta, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini abu guda lafiyayye. Na koma gona da garma a kafaɗa, amma hankalina a shagon na baro shi.

Da na gaya wa Baba abin da nake so in koya, sai da ya gama cin goronsa sannan ya amsa.

"Mu ba mu gaji ƙira ba."

"Baba, ai walda ba ƙira ba ce, da lantarki ake yi."

"Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Ƙarfe ne."

"To."

Na bi ta wurin aminansa, na bi ta wurin limamin unguwa, na yi ta naci har ya gaji. Ya ce in je in gwada, da irin muryar wanda ya tabbata za a dawo masa.

Wanda bai shiga ba yana zaton koyon walda shi ne a ba ka baƙin gilashi ka tsuguna, tartsatsi yana tashi, masu wucewa suna waiwaye. (Ni ma haka na zata, ba zan ɓoye ba.) Abin da na tarar tsintsiya ce. Daga shara sai ɗebo ruwa, sai dakon ƙarfe daga bakin titi, sai kankare tsatsa har yatsu su yi kanta. Bayan watanni aka ƙara mini girma zuwa fenti, daga nan zuwa awo da yanka. Babban matsayin da na kai shi ne riƙe wa Oga ƙarfe in zai ɗiga wuta. Zai ce, "Ido," sai ka runtse ka kawar da kai, kana jin ƙarar wutar a kunne da ɗuminta a wuya, har ya ce ka buɗe. Wato na fi shekara a shagon walda, amma waldar kanta ƙeyata ce kawai ta san ta.

Oga Haladu ba mafaɗaci ba ne. In ka ɓata awo ba ya zagi, sai dai ya sa ka sake, ka sake, har ka gwammace zagin. Doka ɗaya ce da shi wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba mai taɓa hannun walda, wato abin da ake maƙala tsinken walda a riƙe, sai ranar da shi da kansa ya ɗauka ya yi bisimilla ya damƙa maka. Wanda ya taɓa kafin ranar, ya nemi takalmansa. Ya taɓa korar ɗan yayarsa a kan haka, uwar ta yi sintiri har ta haƙura. Daga ranar damƙawa kuma sai ka ƙara wasu shekarun kafin a yaye ka, a yi walima, a haɗa maka kayan aiki ka buɗe naka.

Ana cikin haka Kawu Isiya ya aiko wa Baba cewa Zulai ta isa aure, manema sun yi masa yawa, in ina ciki in fito. Da me zan fito? Yaron shago ba shi da komai sai ɗan abin sabulun da Oga ya miƙo masa. Na ce a ba ni lokaci har a yaye ni. Kawu ya ce shi ba jiƙa 'yarsa zai yi ya sha ba, kuma gaskiyarsa ce. Aka ba wani Nasiru, mai sayen masara daga Doguwa, mutumin kirki mai taushin zuciya, wanda ita ma Zulai ta nuna tana so.

Gaskiyar magana, na ji ba daɗi na 'yan kwanaki. Zulai taubashiyata ce, mun saba, ta iya tsokana, ta kuma iya dambu. Amma ban rasa barci ba, ban rage cin tuwo ba. Inna ce ta ɗauko ciwon ta ɗora mini. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, balle ta zaunar da ni ta tambaye ni abin da ke raina, don haka sai ta riƙa karanta ni daga nesa. In na bar loma biyu a kwano, tunanin Zulai ne. In na dawo a gajiye na kwanta da wuri, baƙin ciki ne. In na yi dariya, ƙarfin hali ne. Duk abin da ta karanto kuma Baba take kai wa.

Saura 'yan kwanaki biki Baba ya kira ni zaure.

"Uwarka ta ce ƙarfen nan ya raba ka da matarka, kana ta haɗiyar baƙin ciki kai kaɗai."

"Wallahi Baba lafiyata ƙalau."

"Za mu gani. Ni ban haife ka don ka zama abin tausayi a dangi ba. In na ga alamar abin da take faɗa gaskiya ne, bayan biki ka ajiye musu tsintsiyarsu ka bi Kawunka kasuwa, ka tara abin aure ka nemi wata."

Baba ba ya maimaita magana. Na fita daga zauren nan na san cewa zamana a shagon Oga ya rataya ne a kan fuskar da zan nuna ranar ɗaurin aure.

Mai hankali da sai ya je ya zauna a layin baya, ya shafa fatiha, ya gaisa da mutane ya dawo gida. Ni sai na ga hakan bai isa ba. Na wanke shaddata ta Salla na kai bugu. Na sayi baƙin gilashi a tasha, irin na 'yan gayu. Na aika wa Kawu cewa ni zan raba goro, don kowa ya ga fara'ata ido da ido. Sannan na ƙudurta zan kai wa amarya gudummawa daga sana'ata, murhun gawayi mai ƙafafu, don dangi su san ba zaman banza nake yi a bakin tasha ba. Na tara guntayen ƙarfe, na auna na yanka su daidai. Niyyata ta farko in roƙi ɗaya daga cikin manyan yaran shago ya haɗa mini, amma kullum sai in ji wani abu yana ce mini, in wani ya haɗa, da wane baki za ka ce kai ka yi?

Ranar Juma'ar da sassafe Oga ya kwashi manyan yara da ƙaramin inji suka tafi Kiru kafa ƙofar wani gida. Ya ce in share shago in rufe in tafi bikina. Gilashin walda biyu ne a shagon, duka suka tafi da su. Ina cikin shara sai ga wuta an kawo, wutar da rabonmu da ita an kwana biyu. Ga babban inji a kusurwa, ga yankakkun ƙarafuna a buhu, ga shi babu kowa. Na ce a raina, baƙin gilashi ai baƙin gilashi ne. Na ciro na gayun nan daga aljihu na maƙala, na yi wa kaina bisimillar da Oga bai yi mini ba.

Ashe abin da yake kamar wasa a hannun gwani ba wasa ba ne. Tsinken ya riƙa mannewa a jikin ƙarfe, in fizge, ya sake mannewa. In wutar ta kama kuma, gilashin nan bai hana haske ba, bai kuma bar ni na ga inda nake bi ba. Sai na yi dabara irin tawa, na ɗage shi zuwa goshi don in gani da kyau. Haka na tsura wa wutar nan ido tun safe har rana ta kusa tsaka. Murhu dai ya tsaya, ko da yake ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, mahaɗar kuma duk gudaji. Na lafta masa baƙin fenti ya rufa mana asiri ni da shi. Na tura guntayen tsinken da na ƙona ƙarƙashin benci, na rufe shago. Idona garau, har ina mamakin abin da ake ta zuzutawa.

Abin da ban sani ba shi ne hasken walda ba ya kama mutum nan take, yana bari ne sai ka manta da shi. (Na sha jin manyan yara suna zancen, amma na ɗauka irin tsoratarwar nan ce da ake yi wa sabon shiga.)

Na goya Baba a babur, murhu a buhu ɗaure a baya, muka kama hanyar Burumburum. Inna da sauran mata tun jiya suna can. Muka samu sallar Juma'a a garin. Ana cikin huɗuba na fara jin kamar ɗan rairayi ya shiga idona na dama. Na murza. Kafin a sallame na hagu ma ya karɓa. Da muka fito rana ta dake ni, sai na ji kamar an watsa mini garin barkono. Na yi maza na maƙala baƙin gilashina, na ɗan samu sauƙi.

A ƙofar gidan Kawu an shimfiɗa tabarmi, jama'a maƙil. Ga 'yan kasuwar hatsi, ga dangin ango daga Doguwa da Riruwai, ga Fulanin da ke zaune kusa da gonar Kawu, liman da manyan gari suna gaba. Aka miƙo mini tiren goro da dabino kamar yadda na roƙa. Zan wuce ta gaban Baba sai ya ja gefen rigata.

"Cire wannan abin. Gaban manya za ka shiga da shi kamar ɗan tasha?"

Na cire na sa a aljihu.

Ina tsaye a tsakiyar fili da tire a hannu, waliyyi da wakilin ango suka gama nasu, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya yana shaida wa jama'a cewa an ɗaura auren Nasiru da Zulaihatu, a yi fatiha. Kamar jira suke, a daidai wannan lokacin idanuna suka ɓalle. Ba irin ɗigo ɗaya ɗin nan da ake sharewa da bakin hula ba. Zuba suke yi, suna bin kumatu, suna taruwa a haɓa, suna sauka a kan goron mutane. Hanci ma ya shigo ciki, na fara jan majina. Fatar idon ta ƙi buɗuwa sai na ɗaga kai sama ina leƙe ta ƙasa. Ni kuwa na riga na sa a raina yau sai kowa ya ga fara'ata, don haka ban fasa murmushi ba. Ka dai ƙiyasta abin da mutanen nan suka gani: saurayi cikin bugaggiyar shadda, haƙora a waje, fuska shaɓe-shaɓe, yana bin layi yana cewa, "Allah ya ba da zaman lafiya, ga goro."

Surutu ya fara mutuwa daga inda nake yana bin tabarmi. Ba na gani sosai, amma kunnena ƙalau yake.

"Wane ne wannan?"

"Ɗan yayar Isiya ne. Shi aka fara yi wa alkawarinta."

"Allah sarki. Dubi yadda yake ƙarfin hali."

Wani tsohon Bafulatani ya ɗauki goro, maimakon ya sake ni sai ya kama wuyan hannuna.

"Munyal, yaro, munyal. Sai haƙuri. Ko saniya ce ta ɓace wa mutum, Allah yakan ba shi wata."

"Baffa, ba komai, ƙwaro ne ya faɗa mini a ido a kan babur."

"Duka biyun?" in ji wani daga baya.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Za ka ce me ya hana in faɗi gaskiya a wuce wurin. To, a cikin taron nan akwai masu kai wa Oga Haladu gyaran garma da amalanke, kuma magana za ta riga ni isa Tudun Wada. In na ce walda ce, Oga ya kore ni. In na yi shiru, Baba ya cire ni. Gaba kura, baya sayaki. Na zaɓi shiru don shi ne ba ya buƙatar buɗe baki, na ci gaba da rabon goro da laluben ƙafa, har na taka na'ibin liman. A nan ne wani mai imani ya karɓe tiren daga hannuna.

Kawu Isiya da kansa ya kama ni ya shigar da ni zaure, ya zaunar da ni a kan buhun masara.

"Ɗan nan, me ya sa ba ka gaya mini abin ya kai haka ba? Ka bar ni na ɗauki alhakinka."

"Kawu, wallahi ba abin da kake zato ba ne."

"Na sani, na sani. Kada ka ce komai. Matar mutum kabarinsa."

Ina fata a nan abin zai tsaya, sai na ji ƙamshin turare ya cika zauren. Ango ne. Nasiru ya baro abokansa da masu yi masa murna, ya zo ya tsuguna a gabana da farar babbar rigarsa, ya kama hannayena biyu.

"Ɗan'uwa, wallahi da na san haka ne da ban shiga ba. Ka yafe mini. In Allah ya yarda ba za ka taɓa jin ta kawo ƙarata ba, na yi maka alkawari."

Kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta karye, shi ma ya fara share ido. Ga mu nan mu biyu a zauren Kawu, hannu cikin hannu, shi yana kukan tausayi, ni ina na lantarki, mutane sun cika ƙofa suna leƙe. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, na so ƙasa ta tsage in shige da buhun masarar gaba ɗaya. A cikin gida guɗa ta tsaya. Aka aiko cewa amarya ta ce don Allah in yafe mata, Inna kuma ta shige ɗaki ta ƙi cin abincin biki.

Baba, wanda rabonsa da tuƙa babur an daɗe, shi ya goyo ni zuwa gida, na ja hula na rufe ido. Sai da muka sauka ya jingine babur sannan ya ce, "Magana ta ƙare. Ranar kasuwa mai zuwa ka bi Kawunka."

A nan na ga shiru ya gama amfaninsa.

"Baba, walda ce ta kama mini ido."

"Kai da ka ce har yau ba a ba ka injin ba?"

"Ba a ba ni ba. Ɗauka na yi."

"Kada ka haɗa mini kunya da ƙarya. Shiga ka kwanta."

Washegari da hantsi sai ga sallamar Oga Haladu. Ya ga guntayen tsinke a ƙarƙashin benci, ya kuma ji labarin biki a teburin mai shayi, inda aka riga aka ƙara masa gishiri har an kai ga na suma an yayyafa mini ruwa. Suka gaisa da Baba, gaisuwa mai tsawo, gona da iyali da gajiyar biki, sannan ya ce a fito da ni. Ya sa babban yatsa ya ɗaga fatar idona ya duba.

"Tsawon wane lokaci ka kalle ta?"

"Tun safe har kusan tsakar rana, Oga."

"Da wane gilashi?"

Na laluba aljihu na miƙa masa. Ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a kan tabarma.

"Baba," in ji shi, "wannan ba kukan mace ba ne, wuta ce. A kai shi asibiti su ba shi maganin ɗigawa, ya zauna a ɗaki mai duhu. Kada a bari kowa ya matsa masa tumatir ko nono. Kwana biyu zai warware."

Wani sanyi ya ratsa ni. An wanke ni a gaban Baba, kuma daga bakin da ba zai musa ba. Har na fara gyara zama.

"Shagona kuma kada ya sake zuwa. Ya san doka. Yau ido ne, gobe wutar ce za ta ja shi yana shi kaɗai, in zo in ce muku me?"

Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya yi sallama ya tafi.

Ban san lokacin da abin ya zo mini ba. Ido dai tun jiya yake zuba, wannan ba sabon abu ba ne. Amma yanzu daga ƙirji yake tasowa. Na tuna sharar da na yi, da tsatsar da na kankare, da yadda na kusa kaiwa ranar da za a damƙa mini hannun nan, na zubar da komai saboda murhu mai gajeriyar ƙafa. Na sunkuyar da kai ina ganin ko ba komai ina da mafaka, wa zai bambance wannan hawayen da na jiya? Na manta cewa kafaɗa ba ta iya ɓoye shessheƙa.

Baba yana zaune yana jan carbinsa, bai ce in yi shiru ba, bai kuma tashi ba. Sai da na yi mai isata sannan ya yi magana.

"Jiya da kake zubar da hawaye, bakinka dariya yake yi. Na yau fa, shi ma wutar ce?"

Na girgiza kai.

"To," in ji shi a hankali. "Ashe matar taka tana bakin tasha."

Da idona ya warware, wata safiya Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa unguwa, ya ƙulle goro a ganye, ya ce in biyo shi. Tun da na fara koyon sana'ar nan bai taɓa taka ƙofar shagon ba, ko wucewa zai yi ta ɗaya gefen titin yake bi. Ranar ya ratsa ta cikin tarkacen ƙarfe, a gaban yaran shago da masu jiran aiki, ya tattare rigarsa ya tsuguna a gaban mutumin da bai wuce sa'an ƙaninsa ba.

"Subhanallahi, Baba, tashi, ga benci."

"Bar ni a nan, Malam Haladu, biko na zo. Ni ban so sana'ar nan ba, kowa ya sani. Amma na ga abin da yake sa yaron nan kuka. Ka hore shi yadda ka ga dama, kada dai ka raba shi da ita."

Oga ya kashe inji. Ya dubi goron da Baba ya ajiye a ƙasa.

"Baba, ko ɗan yayata ban mayar ba."

"Na sani. Shi ya sa ban aiko ba, na zo da ƙafata."

Kunyar Burumburum ta dame ni, amma wannan ta fi ta shiga jiki. Can mutuncina ne kawai ya zube, nan kuwa furfurar mahaifina ce a ƙasa saboda gaggawata. Da za a ce in zaɓa, da na gwammace in sake raba goro a ɗaurin aure goma ina hawaye.

Oga ya sunkuya ya ɗauki goron. Ya ce don girman Baba zai karɓe ni, amma daga tsintsiya zan sake farawa, a bayan waɗanda suka zo bayana. Haka kuwa aka yi. Waɗanda na koya wa riƙon buroshin fenti suka riga ni riƙe hannun walda, ina riƙe musu ƙarfe suna ce mini, "Ido," ina kawar da kai. Saurin da na yi na safiya guda ya ƙara mini fiye da shekara kafin a yaye ni. Baba bai sake ambaton awon hatsi ba, ranar walima kuma shi ya fara isowa. Yanzu ina da shagona da yarana, kuma babban mai kawo mini aiki shi ne Nasiru, wanda ba ya taɓa neman ragi, don har gobe gani yake akwai abin da ya karɓe mini.

Abin da na koya bai da yawa. Sana'a ba a satar ta, jira ake yi a miƙo maka, in kuwa ka sata ba kai kaɗai za ka tsuguna ba. Sannan in har mutum ya rantse sai ya yi wauta da safe, to ya fara tambaya ko akwai ɗaurin aure da rana.